Ni da ciwon muƙamuƙi da allurar Botox

Toh jama'a, na yi allurar Botox. Eh, waccan dai da kuke jin 'yan fim da matan manya suna yi dan kar goshi ya tattare. Sai dai ni ba a goshi aka yi mun ba, kuma ba tsufa nake gudu ba, a muƙamuƙi aka soka mun ita saboda wani ciwo da ya daɗe yana cina. Tunda maganar ta fita a guruf ɗin gidanmu kowa da irin tambayar da ya jefo, wata tace ai ance tana shanye fuska, wata tace anya ya halatta kuwa, wata kuma a gaban mutane tayi mun faɗa sannan ta zagayo ta bayan fage tana tambayar nawa ne kuma a ina. Shi yasa nace bari in zauna in faɗi komai gaba ɗaya in huta.

Ciwon nan in ba wanda ya taɓa yinsa ba, bayaninsa wahala gareshi. Ba ciwon haƙori bane da zaka nuna da yatsa kace ga shi nan. Da asuba nake tashi inji kumatuna sun gaji liƙis, gefen kaina wajen tsakanin ido da kunne yana sarawa, wani lokacin kunnen ma ya toshe ko ya dinga mun zugi daga ciki. Hamma kuwa sai na tallafe haɓa da hannu nake yinta. An duba kunne ance lafiya lau. An yi gwajin maleriya da taifot, dama mu nan duk ciwon da ya taɓa kai daga nan ake farawa, na sha magungunansu ba abin da ya sauya. Abban yara ne ya fara cewa wai cikin dare ina taunar haƙora, ƙarar har tashinsa take daga barci. Da Gwaggo taji haka bata tsaya wata-wata ba tace tsutsar ciki ce, a bani maganin tsutsa. Na sha, dan Gwaggo ba a yi mata musu. Ciwo yana nan daram.

Likitan haƙori ne ya gano bakin zaren, kuma bai ɗau lokaci ba. Ya sa safar hannu, ya ɗora yatsunsa a kusurwar muƙamuƙina ƙasan kunne, yace Hajiya cije haƙoranki. Ina cijewa naji wata tsoka ta taso ƙarƙashin yatsunsa tauri ƙiƙam, ya ɗan danna wani waje sai da na zabura daga kujerar, kuma abin mamaki zafin ba a nan kawai ya tsaya ba, har cikin kunne da turamen haƙorana na sama na jishi. Ya bani madubi ya nuna mun yadda kan haƙoran gaba suka cinye suka yi sumul, da wani farin layi a cikin kuncina daidai inda haƙora ke haɗuwa, da gefen harshena da shatin haƙori ya fito a jiki. Sai yace in jera yatsu uku a tsaye in sa a baki, wai mai lafiya yawanci suna shiga, kusan milimita 40 kenan. Nawa biyu ne suka shiga da daɗi, na ukun sai da ƙyar.

Bayanin da ya yi mun shi ne, a gaban kunne akwai gaɓar da muƙamuƙi ke juyawa a kai, da ɗan faifan guringuntsi a tsakiyarta, sannan ga tsokokin da ke rufe baki. Manyan su ne masseter, wato wadda ya danna a kunci, da temporalis da ta baje a gefen kai. Ciwon wajen gaba ɗaya likitoci suna ce masa TMD, amma kashi-kashi ne, na wani a gaɓar yake, faifan ya goce ko ƙashi ya cinye, na wani kuma a tsoka. Nawa na tsoka ne. Ku riƙe wannan bambancin dan duk maganar allura a kansa take tsaye, wanda matsalarsa a cikin gaɓa take ko an cika masa kunci da Botox faifan ba zai koma wajensa ba.

Wata magana da ya faɗa ta tsaya mun a rai, yace in mutum yana zaune ba ci yake ba ba haɗiya yake ba, bai kamata haƙoran sama da na ƙasa su taɓa juna ba, leɓe a rufe, haƙora a ware. Ni wallahi a zatona kowa a haɗe nasa suke wuni. Daga ranar na fara kama kaina, in ina cikin goslo mai adaidaita ya shigo mun ta hannun da ba nasa ba na cije, in ina gaban kwamfuta ana jiran rahoto na cije, in ina karanta saƙon da ya ɓata mun rai na cije, hatta wajen yanka albasa. Ashe ba dare kaɗai bane, da rana ma aikin kenan.

Ba da allura aka fara ba, kuma duk likitan da ranar farko ya zaro miki allura ki ɗau jakarki. An fara da abubuwa masu sauƙi. Na bar cingam, na bar kilishi da ganda da rake da aya, na bar tauna ƙashin kaza wanda Allah ya sani shi ne rabin daɗin kazar a wajena, na koma tuwo mai laushi da fate da kunu. Gashi da tawul mai ɗumi safe da dare. Motsa muƙamuƙi a hankali, harshe a manne da ganɗa ana buɗe baki ana rufewa. Aka auna haƙorana aka yi mun robar kwana, wadda ake sawa a kan haƙora in za a kwanta barci. Magungunan kashe zafi irin su ibuprofen suna ɗan taimakawa amma ni mai olsa ce, ba abin da zan dinga ɗirka kullum bane. Gaskiya duk waɗannan sun rage, ba zance basu yi komai ba, sai dai ciwon safen nan ya ƙi tafiya, robar ma da aka ce zata daɗe sai ga shatin turamena sun huda ta. Likitan yace dama aikinta kare haƙori ne, ba hana cizo ba.

A nan ne ya kawo maganar Botox, ni kuma da na koma gida na hana kaina barci da karatu a waya, abin da na fara cin karo da shi kuwa bai kwantar mun da hankali ba. Guba ce. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Clostridium botulinum take fitar da ita, irin wadda ke tsirowa a abincin gwangwani ko naman da aka adana ba daidai ba, kuma tana cikin gubar da tafi kowace ƙarfi da aka sani a duniya. Wani likitan Jamus, Justinus Kerner, tun wajen 1820 ya yi rubutu a kan mutanen da ke shanyewa bayan sun ci lalataccen tsiran nama, har ya yi hasashen wata rana za a iya magani da ita. Sai da aka shafe sama da shekara 150 sannan wani likitan ido a San Faransisko, Alan Scott, ya fara sa ɗan mitsitsi a tsokar idon masu harara-garke dan idon ya daidaita. A 1989 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita dan wannan da kuma ciwon ƙiftawar ido ba kan gado. Na gyaran goshi da aka fi saninta da shi sai a 2002 ya zo, na ciwon ɓarin kai mai naci kuma a 2010. Wato tun asali magani ce, kwalliyar daga baya ta shigo ta ƙwace sunan.

Yadda take aiki ba wuya. Jijiya in zata umarci tsoka ta matse, wani sinadari take saki da ake kira acetylcholine. Gubar tana shiga bakin jijiyar ta datse wani furotin da sai da shi sinadarin ke fita. Kamar waya ce da netwok ya ɗauke, wayar lafiya lau, mai kira yana ta kira, amma kiran baya shiga. Tsokar bata mutu ba, saƙon ne ya ragu. A hankali jijiyar take gyara kanta, shi yasa bayan wata 3 zuwa 4 komai yake dawowa yadda yake.

Ga inda naji likitan nan ya burge ni. Da na koma da tambayoyina a rubuce a bayan takardar kati, bai ɓoye mun komai ba. Yace Hajiya ki sani FDA bata amince da ita dan ciwon muƙamuƙi ba, likitoci ne ke amfani da ita bisa nasu hangen, wanda ba laifi bane a aikin likita amma ya kamata mara lafiya ya sani. Kuma binciken da aka yi sun saɓa, wasu sun ga tafi allurar ruwan gishiri tasiri (wato allurar da ba magani a ciki, da ake kwatantawa da ita a bincike), wasu basu ga wani bambancin kirki ba. Daga baya na gani da idona, a ƙarshen 2023 mujallar likitoci ta Ingila, BMJ, ta fitar da ƙa'idojin kula da wannan ciwon in ya daɗe, abubuwan da suka ƙarfafa a yi su ne motsa muƙamuƙi, tausar wuraren da tsoka ta ƙulle a hannun masu fisiyo (ma'aikatan asibiti masu tausa da motsa gaɓoɓi), gyaran zama da tsayuwa, da zaman koyon sarrafa damuwa. Botox kuwa a layin abubuwan da suka ce gara kar a yi take, duk da ba da kakkausar murya ba. Na karanta wannan sarai kafin in yarda. Amma wanda ya daɗe bai tashi da safe kansa wasai ba, lissafinsa daban ne da na kwamitin da ya rubuta ƙa'idojin.

Ranar allurar nace ya nuna mun kwalbar, ya ɗauko ta daga firij a gabana. 'Yar ƙarama ce, kuma da ka kalle ta sai kace babu komai a ciki, ɗan hazo ne kawai a gindinta, sai da ya zuba ruwan gishiri na allura ya juya a hankali. Sirinjin irin siririn nan ne na masu ciwon suga. Yace in cije, ya lalubo iyakar tsokar gaba da baya, ya ɗiga alama da farin fensir a can ƙasa kusa da kusurwa, wai in aka matso gaba ko aka yi sama za a iya taɓa tsokar murmushi. Wuri uku a kowane kunci, sannan kaɗan a gefen kai. Yawanci a kunci yunit 20 zuwa 30 ake sawa kowane ɓari in Botox ce ta asali, ni ya fara mun da na ƙasa-ƙasa. Zafin bai kai na allurar maleriya ba ko kusa, abin da na fi ji shi ne wani ɗan ƙuƙus lokacin da allurar ke ratsa tsokar. Kafin in gama salati an gama. Yace kar in murza wajen, kar in kwanta sai bayan wasu awanni, kuma maganar dilka da gyaran fuska a ɗaga musu ƙafa tukunna.

Kwanakin farko shiru, har na fara jin haushin kuɗina, dan kuɗi ne masu tsoka, kuma inshora bata san da zancen ba. Wajen ƙarshen satin farko ne na lura na tashi ban kai hannu kunci ba. Zuwa sati biyu ciwon kan asuba ya ja baya sosai, yatsa na uku ya shiga ba gardama, na yi hamma mai daɗi har da hawaye.

Amma fa da nata. Tauna ta yi rauni. An kawo tsire gida, na ɗau yanka ɗaya ina ta juya shi a baki ya ƙi mutuwa, kafin in haɗiye na gaji, sai kallo na koma yi yara suna ta kwasa. Bayan kamar wata biyu fuska ta faɗa ta wajen kumatu, saboda tsokar da bata aiki da ƙarfi zubewa take. A Koriya ta Kudu dan wannan ma musamman ake yinta, a samu siririyar haɓa. Mu kuwa nan ramewar fuska ba abin yabo bane, a gidan suna sai da mutum uku suka ja ni gefe suna tambaya ko lafiya, Gwaggo kuma ta kalle ni sama da ƙasa tace 'yar nan ko dai akwai abin da kike ɓoye mana a gidan naki ne. Wata da muka haɗu a wajen jira, ita a wani waje aka fara yi mata, ta nuna mun hotonta a waya tana dariya baki ya karkace gefe guda, tace haka ta yi ta yawo da takunkumi har sai da maganin ya sake ta, dan babu wata allurar da ke warware shi, jira ne kawai. Akwai kuma maganar ƙashi. An gwada a zomaye an ga ƙashin muƙamuƙi ya ragu in tsokar ta daina jansa, kuma akwai ƙananan bincike a mata da suka nuna alamar haka ga masu yawan maimaitawa. Wannan shi yafi tsaya mun a wuya, dan ciwo ne da ake iya shekaru ana fama, in duk wata uku za a dinga yi, ina za a kai?

Abin da nake so duk mai tunanin yi ya gane shi ne, allurar bata hana ni cizon haƙora ba. Na tambayi Abban yara yace har yanzu yana ji, sai dai ƙarar ta yi sanyi. Umarnin daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, kuma yana nan yana fitowa, ƙarfin ne kawai aka rage. Da wata na huɗu ya kama naji tsokar tana dawowa, nauyin safe ya fara leƙowa. Hutu ta bani, bata warkar da ni ba. Sa'ar da na yi ita ce likitan ya matsa mun in yi amfani da hutun, lokacin da taɓa wajen baya sa ni ihu na fara zuwa fisiyo, matar tana sa safa ta kama tsokar ta ciki da waje tana murzawa, ta gyara mun yadda nake zama na miƙa wuya gaba a kan kwamfuta, na rage shayi mai kauri da kofi in la'asar ta wuce, na manna ɗan jan tef a sitiyari da gefen allon kwamfuta, duk sanda idona ya faɗa kai sai in saki haƙora. Abin dariya ne amma yana aiki. An kuma tambaye ni ko ina minshari ko numfashina na sarƙewa cikin barci, da ko ina shan wasu magungunan damuwa, dan duk suna iya haɗuwa da taunar haƙora, haka taba da shisha. Da ciwon ya dawo bai dawo da ƙarfinsa na da ba, kuma ni a ganina rabin ladan na fisiyo ne.

Masu tambayar a ina, dan Allah ku saurara. Yanzu a Instagram kowace mai shagon gyaran jiki ta sa farar riga tana tallan allura da rangwame. A Amurka ma da duk tsaronsu, a 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta yi gargaɗi bayan mutane a jihohi da dama sun kwanta asibiti saboda jabun Botox ko allurar da waɗanda basu da lasisi suka yi musu a gida da shaguna. To ina ga nan. Botox ta asali a sanyi ake ajiye ta, digiri 2 zuwa 8, ku tuna halin wutarmu ku tambayi kanku firij ɗin shagon nan awa nawa yake yi a kashe. Ki nemi likitan haƙori ko na tiyatar baki da muƙamuƙi, ko na jijiyoyi, ki ce a nuna miki kwalba da ranar lalacewa da lambar NAFDAC, ki tambayi sunan maganin da yunit nawa, a rubuta miki. Dan Botox sunan maganin kamfani ɗaya ne, akwai irinsa na wasu kamfanonin, akwai Dysport akwai Xeomin akwai na Koriya kala-kala, kuma yunit ɗin wannan ba daidai yake da na wancan ba. Mai ciki da mai shayarwa ba a yi musu. Mai ciwon raunin tsoka irin myasthenia gravis ba a yi masa. In ana miki allurar gentamicin, wadda kemis ɗinmu ke bayarwa ba ji ba gani, ki faɗa, tana ƙara wa gubar ƙarfi. Kuma tun 2009 akwai babban gargaɗi a jikin takardar maganin cewa yana iya yaɗuwa nesa da inda aka soka, dan haka in bayan allura haɗiya ta yi wuya, ko murya ta sauya, ko fatar ido ta sauko, ko numfashi ya yi nauyi, asibiti za a nufa a lokacin ba sai gari ya waye ba.

Mai tambayar halacci, ni magani na je nema ba ado ba, sauran bayani ki kai wa malaminki.

Sannan ba duk ciwon muƙamuƙi bane irin nawa. Wanda ke zuwa in an hau bene ko an yi sauri, da zufa ko nauyin ƙirji, yana iya zama zuciya, musamman a mata. Dattijon da ya haura 50 da muƙamuƙinsa ke gajiya in yana tauna, ga sabon ciwon kai ga gani na dishi-dishi, wannan gaggawa ce dan ido na iya tafiya. Wanda ke fizga ɓari guda na 'yan daƙiƙu in an taɓa fuska ko an yi burushi, na jijiya ne, maganinsa daban. Ruɓaɓɓen turmi ma yana kwaikwayon duk wannan.

Ni dai yanzu ban koma an sake ba. Likitan yace ko za a yi, ba a yi ƙasa da wata uku tsakani, kuma shi zai fi so a ja lokacin a rage yawan. Mun tsaya a kan zan ci gaba da fisiyo da robar kwana, an yi mun sabuwa mai tauri, in yatsa na uku ya sake ƙin shiga ko ciwon asuba ya fara hana ni fita aiki sai in kira shi mu sake zama.